Patrick Moore: Mutumin Da Ya Shekara 55 Yana Nuna Wa Jama'a Sama

 

'Yan uwana matasa, yau tarihin wani Bature ɗan ƙasar Ingila zan kawo muku, mai suna Patrick Moore, masanin ilmin falaki kuma mai gabatar da shiri a talabijin. Kafin mu yi nisa, bari in raba gardama: falaki shi ne nazarin tafiyar rana da wata da taurari ta hanyar kallo da lissafi. Ba shi ne duba da ake yi da burujai don faɗa wa mutum sa'arsa ba. Shi kansa Moore shirme ya ɗauki wannan na biyun, kuma bai ɓoye ba.

An haife shi ran 4 ga Maris, 1923, a Pinner, kusa da Landan. Ya taso da ciwon zuciya, saboda haka mafi yawan karatunsa na yarinta a gida ya yi shi. Yana ɗan shekara 6 ya ci karo da wani tsohon littafin mahaifiyarsa a kan rana da duniyoyin da ke kewaya ta, daga nan fa sama ta shiga ransa. Da shekara 11 ya shiga ƙungiyar masu sha'awar falaki ta Birtaniya. Da shekara 14 aka damƙa masa wani ƙaramin ɗakin hangen taurari a garin East Grinstead bayan rasuwar malaminsa. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai ya shiga sojan sama, yana aikin nuna wa matuƙin jirgi hanya. Bayan yaƙi ya koyar a makarantar yara har zuwa 1953, shekarar da littafinsa na farko a kan wata ya fito. Ku lura da abu guda: bai yi karatun jami'a ba, kuma har ya mutu ɗan sha'awa yake kiran kansa, ba gwani ba.

Wata shi ne fagensa. Dare bayan dare yana ɗora ido a madubin hangen nesa, yana zana ramuka da tsaunukan da ke fuskar wata da hannu, don a lokacin babu kumbon da ya je ya ɗauko hoto. Maƙalarsa ta farko, wadda ya gabatar yana yaro, a kan ƙananan ramukan Mare Crisium ce, wato wani shimfiɗaɗɗen fili mai duhu da mutanen da suka zata teku ne, alhali narkakken dutse ne da ya daskare. Abin sha'awa, a gefen wannan fili akwai rami mai suna Alhazen, wato Ibnul Haisam. Akwai kuma Albategnius, wato Al-Battani, da Azophi, wato Abdurrahman As-Sufi. Duk wanda ya buɗe taswirar wata sai ya gaisa da waɗannan malamai, ko ya san su ko bai sani ba.

Ran 24 ga Afrilu, 1957, BBC ta fara watsa shirinsa mai suna The Sky at Night, wato sama da dare. Ya taki sa'a, domin a wannan makon wani tauraro mai wutsiya da ake kira Arend-Roland yana bayyane, da shi aka buɗe shirin. Wata biyar da 'yan kwanaki bayan haka, ran 4 ga Oktoba, Rasha ta harba Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko. Ashe shirin ya riga zamanin kumbo zuwa, sai ya zama a gaban idonsa aka yi komai: hotunan bayan wata da kumbon Luna 3 ya aiko a 1959, da saukar Neil Armstrong a 1969, wadda Moore yana cikin waɗanda suka yi wa mutanen Birtaniya bayaninta kai tsaye.

Wanda ya gan shi ba ya mantawa. Ƙato ne, kwat ɗinsa a yamutse, ga tabarau mai ido ɗaya maƙale a fuska, yana zuba magana kamar ruwan kwarya. A shiri na 50, a 1961, an kafa babban madubi don a nuna wa jama'a sama kai tsaye, sai gajimare ya rufe ko'ina, ya yi ta magana har lokaci ya ƙare ba a ga komai ba. Wata na gaba ya dawo.

Wannan dawowar ita ce abin da ya fi kama hankalina. Shiri ne na wata-wata, ya gabatar da sama da 700 a cikin shekara 55, kuma sau ɗaya tak ya yi fashi, a Yulin 2004, lokacin da gurɓataccen ƙwan dinya ya kusa aika shi barzahu. Da ciwon gaɓoɓi ya hana shi tafiya, sai aka koma ɗaukar shirin a gidansa da ke Selsey. Littattafai fiye da 70 ya rubuta, da wata tsohuwar tafireta ƙirar 1908. Shawararsa ga mai farawa kuwa ba ta canza ba: kada ka yi gaggawar sayen madubi mai tsada, fara sanin taurari da idonka, sannan ka nemi ƙaramin tabaron hangen nesa. Kuma an ce yana amsa wasiƙun yara da kansa. Da yawa daga cikin masana falakin Birtaniya sun faɗa da bakinsu cewa shirinsa ne ya ja su zuwa wannan fanni. A 2001 aka ba shi muƙamin Sir.

To amma tarihi ba kirari ba ne. Ya daɗe yana cewa shi ya gano filin Mare Orientale da ke can gefen wata a 1946, alhali wani Bajamushe, Julius Franz, ya riga shi tun 1906. Daga baya dai ya mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa, kuma na yaba masa a kan haka. Abin da ban yaba ba shi ne siyasarsa. Ya yi ƙaurin suna wajen adawa da shigowar baƙi Birtaniya, har ya shugabanci wata ƙaramar jam'iyya mai wannan ra'ayi a shekarun 1970. A 2007 ya ce mata ne suka ɓata BBC, kuma ƙiyayyarsa ga Jamusawa tun ta zamanin yaƙi ba ta huce ba har tsufansa. Mutumin da ya ƙarar da rayuwarsa yana kallon faɗin sama, sai ga ƙirjinsa ya yi ƙunci a kan maƙwabci.

Ya mutu a gidansa ran 9 ga Disamba, 2012, yana da shekara 89. Shirin bai mutu tare da shi ba. Abokin aikinsa Chris Lintott ya ci gaba da shi, sannan a Fabrairun 2014 aka ƙara masa abokiyar gabatarwa, Dakta Maggie Aderin-Pocock, masaniyar kimiyyar sararin samaniya, mace, baƙar fata, wadda aka haifa a Landan a 1968, iyayenta kuwa baƙi ne da suka zo daga Nijeriya.