Kyamara da Giwan Ruwa: Yadda Talabijin Ta Zaɓi Kifin da Za a Tuna a Ƙasar Kabi

A shekarar 1965 gidan talabijin na ABC da ke Amurka ya fara nuna wani shiri mai suna The American Sportsman, inda ake bin fitattun mutane da kyamara zuwa wuraren farauta da kamun kifi. Shirin ya ci gaba har 1986. Cikin kifayen da masu irin waɗannan shirye-shirye suka fi so akwai tarfon, wani ƙaton kifin teku mai ɓawo fari kamar azurfa, wanda da zarar ƙugiya ta kama shi sai ya yi tsalle ya fito daga ruwa yana girgiza kai. Namansa ƙaya ce tsantsa, saboda haka Amurkawa ba su cika cin sa ba: a kama shi, a ɗauke shi hoto, a sake shi. Yana nan a gaɓar Afirka ta Yamma ma, domin a 2003 an kama wani mai nauyin kusan kilo 130 a ruwan Gini Bisau.

Abin da ya ɗaukaka tarfon shi ne ya dace da bukatar mai ɗaukar hoto. Ma'aikata kan kwashe kwanaki cikin jirgin ruwa suna jiran tsallen da bai wuce daƙiƙa biyu ba, sannan a ɗakin tace hoto a zubar da jiran, a bar tsallen. Mai kallo kuma sai ya ɗauka haka su yake. Jihar Kebbi ba ta da teku, amma tana da nata kifin da kyamara ta zaɓa, wato giwan ruwa, kuma tarihin wannan zaɓi ya shafi masuntan Jega da Maiyama da na sauran garuruwan bakin gulbi.

Su kafin zuwan kyamara

Tun zamanin daular Kabi ta Kanta, a ƙarni na 16, ruwa yana da hukuma a wannan ƙasa. Sarkin Ruwa ne ke faɗin lokacin da za a shiga wani gurbi da lokacin da za a ƙyale shi ya huta. Akwai gyaran ruwa kafin su, akwai kuma fashin ruwa, ranar da ake buɗe gurbin da aka killace domin jama'a su shiga tare. Hikimar a fili take: da damina gulbi kan malala cikin fadama, kifi ya bi ruwan ya yi ƙwai a cikin ciyawa, idan rani ya yi kuma ya taru a gurabe masu zurfi. Wanda ya kwashe gurbi tun kifi bai girma ba, ya ci rabon baɗi.

Jega tana bakin Gulbin Zamfara, wanda ke gangarawa ya haɗu da Gulbin Kabi a kudu da Birnin Kebbi. Garin ya kafu a farkon ƙarni na 19, kasuwarsa kuma ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular Usmaniyya, mahaɗar fataken da ke bin hanyar Gwanja. Su a irin wannan wuri sana'a ce ta kullum: birgi da taru da mamari, tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, sai banda da ake yi wa kifi domin ya jure tafiya zuwa garuruwan tudu irin su Aliero.

Daga 1934 zuwa allon talabijin

Bikin Argungu a siffarsa ta yanzu ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci garin. Ziyarar ta zama alamar ƙarshen gabar da ta daɗe tsakanin Kabawa da Sakkwato, aka kuma shirya gagarumin su domin karrama baƙon. Wato tun ranar farko an shirya abin ne domin a kalla.

A wancan zamani jama'ar Arewa sun fara sanin hoto mai motsi ta hanyar majigi, motar gwamnati da ke zagaya garuruwa tana nuna finafinan tsafta da noma da hawan sarakuna. Majigi ya saba wa mutane da cewa abin da ya cancanci hoto shi ne taro da manya. Da talabijin ta zo, a Ibadan a 1959, a Kaduna a 1962, sannan aka haɗe tashoshin ƙasar ƙarƙashin NTA a 1977, sai ta gaji wannan ɗabi'a. A 1970 Janar Yakubu Gowon ya halarci bikin Argungu tare da shugaban Nijar Diori Hamani, bikin ya tashi daga na masarauta ya koma na ƙasa.

Babu abin da mai shirin talabijin zai nema da ya rasa a Matan Fada. Wuri ɗaya ne, lokaci ƙayyadadde ne, kimanin sa'a guda. Ana buga bindiga, dubban masunta su ruga cikin ruwa da homa da gora, ƙura ta tashi, makaɗa na bin su a kwale-kwale. A ƙarshe ga sikeli, ga gwarzo, ga kyauta. Abin da masu ɗaukar tarfon ke jira kwanaki, Argungu na bayar da shi kafin azahar.

Abin da sikeli ya jawo

Da hoto ya mayar da nauyin kifi ɗaya ma'aunin biki, sai daraja da kuɗi suka taru a kan sikelin. A 2005 kifin da ya yi nasara ya kai kilo 75. A 2008 aka ƙwace kambun wanda ya zo na ɗaya, bayan an gano cewa kifin da ya gabatar ba a wurin gasar aka kama shi ba. Bayan bikin 2009 aka shafe kusan shekara goma ba a yi ba. UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, aka dawo da shi a watan Maris na 2020, inda kifi mai kilo 78 ya ci gasar.

Wanda ya kalli wannan kifi a allo zai ce gulbi lafiya lau yake. Amma giwan ruwa na kai wannan girma ne saboda an hana su a gurbin tsawon shekara. Hanin shi ne ainihin labarin, shi ne kuma ba ya ɗaukuwa a hoto, tun da ruwan da babu kowa a cikinsa ba abin kallo ba ne. Haka nan kyamarar biki ba ta nuna abin da ya biyo bayan gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978 da ta Goronyo a kan Rima a 1984, waɗanda suka sauya yadda ambaliya ke isa fadamun da kifi ke hayayyafa.

Gefen da aka bari

Ba kasafai motar gidan talabijin ke tsayawa a mashigin Jega ko a fadamun Maiyama domin masunta ba, sai dai in ambaliya ta ci gari ko jirgi ya kife. Masuncin da ya fita da asuba ya dawo da rabin kwandon karfasa ba shi da gwarzo ko sikeli da zai ja hankalin mai shiri. Amma a wurinsa ne ake iya sanin ko idon taru ya ƙanƙance, ko wane kifi ne ya daina zuwa kasuwa, ko har yanzu ana jin maganar Sarkin Ruwa idan ya ce a dakata. Dattawan da suka san gulbin kafin madatsu suna ƙarewa, kuma abin da suka sani bai shiga faifai ba.

Yau wayar da ke aljihun ɗalibi tana ɗaukar hoton da ya fi na kyamarorin 1970 kyau. Jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar tana Aliero tun 2006, tafiyar mintuna kaɗan daga gulbin Jega. Aikin da ke jira ba mai tsada ba ne: a zauna da masunta da mata masu bandar kifi daga damina zuwa bazara, a ɗauki sunayen kifaye da na gurabe da dokokin kowane gurbi, a adana a inda mai bincike zai same su. Bikin Argungu zai ci gaba da samun masu ɗaukar sa. Su na kullum a Gulbin Zamfara kuwa, in 'yan ƙasa ba su ɗauke shi ba, da wuya wani ya zo daga nesa ya ɗauka.