Albumin: Tarihin Wata Alama a Cikin Jini



Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Likitocin da ke jinyar waɗanda ciwo ya kai ga rai kwakwai mutu kwakwai su kuwa jini sukan tambaya. Abin da nake so in ba da tarihinsa yau shi ne wani furotin na cikin jini da ake kira albumin, da darasin da ya koya wa likitoci.

Hanta ce take yin albumin, kuma shi ne kimanin rabin dukkan furotin da ke cikin ruwan jini. A jikin mai lafiya akan sami giram 35 zuwa 50 a kowace lita. A shekarar 1896 wani masani ɗan Ingila, Ernest Starling, ya bayyana cewa furotin ɗin jini ne yake riƙe ruwa a cikin jijiyoyi. In ya yi ƙaranci, sai ruwan ya tsiyaye cikin tsoka, jiki ya kumbura.

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi, sai Edwin Cohn na Jami'ar Harvard ya gano hanyar tace albumin daga jinin mutane. A watan Disamba 1941, bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor, aka ɗura wa wasu mutum bakwai masu mummunar ƙuna shi, aka kuwa ga sun sami sauƙi. Tun daga nan ya sami karɓuwa a asibitoci.

Sannu a hankali likitoci suka lura da wani abu: gwargwadon faɗuwar albumin a jinin majinyaci, gwargwadon yadda ajali ke kusantarsa. Har ma a 1991 aka sa shi cikin ma'aunin nan na APACHE III, wanda ake ƙiyasta hatsarin da majinyaci ke ciki da shi. To, sai aka yi wani lissafi mai kama da gaskiya, watau tun da ƙarancinsa yana tafiya da mutuwa, ƙara shi zai kawo tsira. Aka yi ta ɗura shi, duk da tsadarsa.

Amma fa tun 1985 Fleck da abokan aikinsa a Birtaniya sun nuna cewa idan ƙwayoyin cuta suka mamaye jini, ƙananan jijiyoyi kan riƙa yoyo, albumin ya fice daga cikinsu. Ashe faɗuwarsa shaida ce ta irin ɓarnar da ciwo ya riga ya yi.

A 1998 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 30, ta ce ga alama albumin yana ƙara mutuwar mutum 6 cikin kowane 100. Hankali ya tashi ƙwarai, amfani da shi ya ragu a Birtaniya. Domin a raba gardama, sai aka yi wani babban gwaji mai suna SAFE a Ostireliya da Niyu Zilan, aka buga sakamakonsa a 2004. Majinyata 6,997 aka kasa gida biyu, wasu aka ba su albumin, wasu ruwan gishiri. Cikin kwana 28, mutum 726 suka rasu a kashin farko, 729 a na biyu. Watau bai kashe ba, bai kuma ceta ba. Sai dai a 2007 an gano cewa masu rauni a ƙwaƙwalwa sun fi mutuwa idan an ba su shi.

A 2014 aka buga sakamakon wani gwajin da aka sake yi a Italiya kan majinyata 1,818 waɗanda ƙwayoyin cuta suka mamaye musu jini. Albumin ya hau a jinin waɗanda aka ɗura wa, amma yawan mace-mace bai sauya ba, kimanin 32 cikin 100 a kowane kashi.

Har yanzu ana auna albumin, domin yana faɗa wa likita wanda ya kamata a fi sa wa ido, kuma yana da amfani wajen jinyar wasu masu ciwon hanta. Amma sai da aka shafe shekara sittin da 'yan kai kafin a tabbatar da cewa gyara lambar da ke kan takardar gwaji daban, warkar da mai ciwo daban. Ku ɗalibai, duk ran da aka kawo muku wata sabuwar alama ta jini, ku tambaya: wannan ita ce wutar, ko kuwa hayaƙinta ne kurum?