Abincin Salla a Lokacin Hunturu: Waiwaye a kan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai, bikin tsakiyar sanyi yana da rana tsayayya, watau 25 ga Disamba, don haka abincinsa da yanayinsa ba sa rabuwa. Bahaushe kuwa da lissafi biyu yake aiki. Akwai na rana, wanda ya raba shekara zuwa bazara da damina da kaka da hunturu, akwai kuma na wata, wanda ke tsayar da ranakun Salla. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa wata ne ke sa ranar biki, amma rana ce ke faɗin abin da zai shiga tukunya, sa'an nan ta duba yadda wannan tsari ya sauya a unguwanni biyu na wajen ganuwar Kano.

2.0 Haɗuwar Lissafi Biyu

Tarihin Kano ya nuna cewa Musulunci ya samu gindin zama a fada a zamanin Sarki Yaji (1349-1385) ta hannun Wangarawa, kuma Muhammadu Rumfa (1463-1499) ne ya fara sallar Idi a Shadakoko. Da haka lissafin wata ya hau kan na manoma. Shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka kowace Salla takan zagaya dukkan yanayi cikin shekara 33 ko kusa da haka. Alal misali, an yi Ƙaramar Salla sau biyu a 2000, a Janairu da Disamba, haka kuma Babbar Salla a 1974 da 2006.

Ga manomi, bambancin ba ƙarami ba ne. Sallar tsakiyar damina takan tarar da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Ta hunturu kuwa takan zo an gama girbin gero da dawa, an cire gyaɗa, ga kabewa jibge. A nan ne fid da zakkar kono ke yi wa maigida sauƙi, kuma tuwon Salla da miyar taushe, wadda ginshiƙinta kabewa ne da gyaɗa, ke samun cikarsu.

3.0 Tukunya da Rabo

A Ƙaramar Salla, mata kan kwana aikin tuwo da waina da funkaso. Masu hali kan ƙara da kayan alkama irin su alkaki da gurasa, waɗanda ake dangantawa da Larabawan da suka zauna cikin birni. Ita kanta alkama shukar hunturu ce, ba ta yi sai da sanyi da ban-ruwa.

A Babbar Salla ne amfanin hunturu ya fi fitowa fili. Akan feɗe rago a rataye shi ya kwana, a soya kayan ciki a ranar farko, kashegari a yanyanka a yi suya. Busasshiyar iska mai sanyi tana tsane nama ta rage ƙuda, alhali a damina laima kan sa ya yi saurin lalacewa. Soyayyen naman da aka adana cikin kitse yakan daɗe ana sa shi a miya. Wutsiya kuma akan ajiye ta wata guda cur, har daren cika-ciki a watan Muharram, lokacin da ake son kowa ya ƙoshi. Malamai sun sha bayyana cewa camfin da ke tattare da ƙoshin wannan dare ba shi da tushe a addini, amma al'adar ta yi ƙarfi har watan ya ɗauki sunanta.

Wajibi ne ɗalibi ya lura cewa iyalin Bahaushe ba sa zama wuri guda su ci abincin biki. Maigida yakan ci a zaure ko ƙofar gida tare da maƙwabta, kowa ya fito da akushinsa, abin da ake kira ciyayya. Mata suna ci a tsakar gida, yara kuma da nasu kwanon. Abin da ke haɗa dangi shi ne rabo: kwanukan da yara ke kaiwa gidan kakanni da surukai da maƙwabta, su dawo da wani abincin ko da goron Salla. Da yawan gidajen da kwano ya shiga ake auna bikin gida.

4.0 Daga Rumbu zuwa Albashi

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna kudu maso gabas da tsohon birni. Yawancin filayensu gonaki ne a da. Bayan da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, ma'aikata da 'yan kasuwa da baƙi daga garuruwa dabam-dabam suka cika su, mutanen da ba su da rumbu sai albashi da kasuwa.

Wannan sauyi ya zo daidai da wani zagaye na Sallar hunturu. Layyar Janairun 1973 da ta Janairun 1974 sun faɗo cikin babban farin da ya kashe dabbobi a yankin Sahel, sai hunturu ya zo babu yalwar da aka san shi da ita. Ba da jimawa ba kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji suka buɗe ƙofa ga shinkafar waje da fulawa. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina a mulkin Audu Bako, ta haifar da noman rani a Kadawa da Kura, tumatir da tattasai da albasa suka riƙa yin araha a tsakiyar sanyi. Da haka shinkafa da jar miya suka zauna kusa da tuwo da taushe, dunƙulen Maggi ya rage wa daddawa daraja, firji kuma ya karɓi aikin da iskar hunturu da kitse ke yi. Da aka hana shigo da shinkafa a 1985 da alkama a 1987, gidaje da yawa suka koma ga masara da shinkafar gida, abin da ya nuna cewa hukuncin gwamnati ya fara yi wa tukunya abin da damina ke yi mata a da.

Daɗin daɗawa, tsarin gini ya taɓa ciyayya. Gidan haya da gida mai katanga da ƙofar ƙarfe ba su da zaure, sai falo. Duk da haka rabo bai mutu ba. Kula ta maye gurbin akushi, mota ta maye gurbin ƙafa, ana ɗaukar abinci daga Tarauni a kai wa tsofaffi cikin birni. A inda Musulmi da Kirista ke maƙwabtaka kuma, akan yi musayar abinci a Salla da Kirsimeti.

5.0 Kammalawa

Bisa lissafi, Ƙaramar Salla za ta sake faɗowa sau biyu a 2033, cikin hunturu. Za ta tarar da yaran da ba su taɓa ganin rumbu ba, waɗanda ciyayya da akushi suka zame musu kalmomin ƙamus. Dattawan da suka ga gonakin Gyaɗi-Gyaɗi kafin a yanka su filoti suna ta raguwa. Ya kamata ɗalibanmu na babban digiri su je su naɗi bayanansu a kan sunayen abinci da ƙa'idojin rabo tun suna raye, domin babu wani kundi da ya adana wannan ilmi kamar yadda yake a bakinsu.