Satar 'Yan Matan Chibok a Adabin Matasa

A daren 14 ga Afrilu, 2014, mayaƙan Boko Haram suka kwashe ɗalibai 276 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Chibok a Jihar Borno. A 2018 Adaobi Tricia Nwaubani ta fitar da ƙagaggen labarin matasa da Turanci, mai suna Buried Beneath the Baobab Tree, wanda ta gina bisa hira da 'yan matan da suka kuɓuta. Ba a faɗi sunan jarumar ba, a gida "Ya Ta" ake kiranta, wato 'yata. A ganina da gangan marubuciyar ta yi haka, domin duk mahaifin da ya karanta, 'yarsa zai hango a dajin Sambisa. Malamai kuma su lura, kuɓuta ba ta share wa yawancin waɗannan yara hawaye ba, don sun dawo sun tarar ana yi musu gorin "matan Boko Haram".