Auna Haɗarin Fashewar Tartsatsin Lantarki a Masana'antun da ke Sauyawa Tsakanin Layin Wuta da Janareta

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci yadda ake auna haɗarin fashewar tartsatsin lantarki ga ma'aikatan da ke aiki a gaban akwatunan rarraba wuta. An bi ƙa'idojin IEEE 1584 da NFPA 70E, aka ɗora su a kan misalin masana'anta mai taransifoma da janareta. Nazarin ya nuna cewa jinkirin bireka wajen yanke wuta shi ne kan gaba wajen ƙayyade tsananin ƙuna, don haka akwatin da haɗarinsa ke da sauƙi a kan layi yana iya yin kisa idan aka koma janareta.

Gabatarwa

Haɗarin lantarkin da jama'a suka fi sani shi ne wuta ta ja mutum. Akwai wani kuma wanda ba sai an taɓa waya ba. Idan sufana ta kuɓuce ta faɗa tsakanin sandunan jan ƙarfe, ko ɓera ya shiga akwati, ko ƙurar hunturu ta taru laima ta same ta, sai wutar ta ƙetara ta cikin iska. Zafin wurin kan kai digiri 19,000 a ma'aunin Salshiyas, fiye da ninki uku na zafin fuskar rana. Jan ƙarfen da ya zama tururi kan kumbura kusan sau 67,000, ƙofar akwatin ta ɓalle, narkakken ƙarfe ya fantsamo wa ma'aikaci a fuska da ƙirji.

Injiniya Ralph Lee na Amurka ne ya fito da wannan haɗari fili a maƙalarsa ta 1982. Ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da tsarin lissafinta a 2002, ta sabunta shi a 2018 bayan gwaje-gwaje sama da 1,800.

Hanyar Bincike

Tsarin IEEE 1584 ya shafi layuka masu bolt 208 zuwa 15,000. Ke nan ya haɗa da bolt 415 da 11,000 da ake amfani da su a Nijeriya, amma layin 33,000 ya fita daga hurumin tsarin. Abubuwan da lissafin ke buƙata su ne: yawan wutar da za ta kwarara idan wayoyi suka haɗu, tazarar da ke tsakanin sanduna da yadda aka jera su, girman akwati, nisan ma'aikaci, da lokacin da bireka ke ɗauka kafin ta yanke. A ƙananan akwatuna ana ɗaukar nisan ƙirjin ma'aikaci a matsayin milimita 455. Ana bayyana sakamakon da kalori a kan kowane murabba'in santimita na fata. Daga kalori 1.2 fata ke fara tashin bororo, kuma da wannan adadi ake shata iyakar da ba a yarda mutum ya ƙetara ba sai da kayan kariya.

Sakamako da Tattaunawa

A ɗauki misalin masana'anta mai taransifoma ta kVA 1,000 a bolt 415, mai tirjiyar kashi 5 cikin ɗari. Cikakken lodinta amfa 1,390 ne, idan wayoyi suka haɗu kuwa wutar kan doshi amfa 27,800. Birekar da aka saita ta yanke nan take a amfa 10,000 za ta faɗi cikin kimanin daƙiƙa 0.05.

Yanzu a ce an ɗauke wuta an tada janareta mai girma ɗaya, mai tirjiyar kashi 15 cikin ɗari. Wutar da zai bayar a farkon matsalar ba ta wuce amfa 9,300 ba, nan da nan kuma ta ragu zuwa kusan ninki uku na cikakken lodi, wato wajen amfa 4,200. Wannan bai kai inda aka saita birekar ba. Sai ta ɗauke shi a matsayin lodi da ya yi yawa, ta koma jira, a ce har daƙiƙa 2. Tun da zafin da ke isa ga fata yana ƙaruwa daidai da tsawon lokaci, tartsatsin da ya yi daƙiƙa 2 ya ninka na daƙiƙa 0.05 sau 40 a tsawo. Raguwar ƙarfin wutar ba ta isa ta cike wannan giɓi ba.

A yankunan masana'antu irin su Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano, inda janareta ke ɗaukar kaso mai yawa na aiki, lissafin da aka yi a kan layi kaɗai rabin gaskiya ya faɗa. Daɗin daɗawa, lokacin sauya wuta ne ma'aikaci ya fi kusantar akwatin, hannunsa a kan makunni.

Kammalawa da Shawarwari

Ya kamata a yi wa kowane akwati lissafi biyu, na layi da na janareta, a liƙa mafi muni a jikin ƙofarsa. A sake saita bireka yadda za ta gane ƙaramar wutar janareta, ko a sa na'urar da ke ganin hasken tartsatsi ta yanke nan take. NFPA 70E ta kasa tufafin kariya gida huɗu: masu jure kalori 4, 8, 25 da 40. Yadin roba ba ya cikinsu, domin narkewa yake yi ya manne wa fata. A sake duba lissafin duk lokacin da aka canza taransifoma ko janareta, kuma kada ya wuce shekara biyar ba a duba ba. Gaba da duk wannan, a kashe wuta, a sa kwaɗo a makunni, a gwada a tabbatar babu wuta kafin a sa hannu.