Majigi, Gidan Kallo da Waya: Daga Ina Tarihin Kallo na Hausa Ya Fara?

Masu rubuta tarihin talabijin na Amurka daga falo suke farawa, kuma suna da hujja. Zuwa 1960 kusan gidaje tara cikin goma a can suna da akwatin talabijin, kamfanin Nielsen yana ƙidayar masu kallo gida-gida, masu talla kuma suna biyan kuɗin shiri gwargwadon wannan ƙidaya. Hatta wasan kwaikwayo mai dogon zango, kamfanonin sabulu irin su Procter & Gamble ne suka raine shi a rediyo tun shekarun 1930 don tallarsu ta isa kunnen matan gida. In muka ari wannan mudu muka auna ƙasar Hausa, tashoshi kawai za mu ƙirga: RKTV a Kaduna a 1962, NTA a 1977, CTV a Kano zamanin Abubakar Rimi, sai Arewa24 a 2014. Gari irin Auyo, a fadamar Kogin Haɗejiya, ba zai samu ko layi ɗaya ba. A ganina mudun ne bai dace ba, domin a nan kallo a dandali ya fara, kuma taro ne ya raine shi.

Tun kafin a kafa tashar Kaduna, motar majigi tana zagaya garuruwan Arewa. A kafa farin allo a fili bayan faɗuwar rana, a tayar da inji, mai sharhi ya riƙe lasifika yana yi wa jama'a bayani, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a littafinsa na 2008. Ta haka fim ɗin Baban Larai ya koyar da noman auduga. Da Samanja na Usman Baba Pategi da wasannin Ƙasimu Yero suka zo a talabijin, akwati ɗaya kan ishi unguwa guda, a fito da shi ƙofar gida, yara a ƙasa, manya a kan benci. Bayan fitowar fim ɗin bidiyo na Turmin Danya a 1990, gidan kallo mai janareta ya gaji wannan zama. Wanda ya wuni a gonar shinkafa ko a komar kamun kifi ba ya bukatar mallakar akwati kafin ya san labari; kuɗin shiga kaɗan ya ishe shi.

Wani zai ce wannan zamani ya wuce: waya ta raba taro, kuma Arewa24 kanta da tallafin gwamnatin Amurka aka kafa ta, shirinta na Daɗin Kowa kuwa da tsarinsa na mako-mako da hutun talla ɗan gidan wancan wasan sabulu ne. Batun tsari gaskiya ne, ban musa ba. Amma a dubi hanyar da shiri ke bi ya isa hannu. Inda data ke tsada kuma wutar lantarki ba tabbas, mai tura fim a rumfar cajin waya shi ne tashar gari: ya sauke Labarina ko Kwana Casa'in sau ɗaya, ya zuba wa mutane da dama a memori. Waya guda kuma sai ka ga kawuna sun haɗu a kanta, a majalisa ko a tsakar gida bayan isha'i, ana kallo ana gardama kan halin wance. YouTube mutum ɗaya zai ƙirga a nan, kuma da wannan lissafi mai shirya fim yake zuwa neman talla.