Fita, Jarrabawa da Amfanin Jama'a: Tsarin Labaran Gargajiya a Ƙasar Kano



Maƙasudin wannan lacca shi ne mu duba wani tsari da labaran kakanninmu suke bi, mu ga abin da yake koya wa mai neman zama cikakken mutum. Zan kafa hujja da karkarar arewacin Kano, wato su Dawakin Tofa, Bichi da Ɗambatta, inda gonaki suka haɗe da juna, ana noma su kowace shekara da ƙarfin taki, kuma samari suka daɗe suna fita cin rani su komo kafin shuka. Jama'ar da rayuwarta ke tsakanin fita da komowa, ba mamaki labaranta su ginu a kan tafiya.

Masanan ƙasashen waje sun yi nazarin irin wannan tsari. A 1928 Vladimir Propp na Rasha ya nuna cewa tatsuniyoyin ƙasarsu suna bin matakai 31. A 1949 Joseph Campbell na Amurka ya taƙaita tafiyar jarumi zuwa uku: rabuwa da gida, shan gwaji, da komowa. Namu labaran sun yi tarayya da wannan, amma sun fi matsa lamba a kan tambaya guda: me jama'a ta samu?

Mu fara da labarin Bayajida, tun da hanyar da ta ratsa Ɗambatta ita ce ta nufi Daura. An ce ya baro Bagadaza, ya zauna Borno, ya biya Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, sa'an nan ya sauka Daura da dare a gidan wata tsohuwa, Ayana. Ruwa ya roƙa, aka ce masa maciji ya hana ɗiba a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a. Ya kashe macijin, ya auri Daurama. A lura da abu biyu. Na farko, bai yi nasara ba sai da taimakon maƙeri da tsohuwa. Na biyu, bai koma Bagadaza ba. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne ruwan da talakawa suka samu kullum.

Sai Bagauda, wanda Tarihin Kano, da Palmer ya fassara a 1908, ya sa shi farkon sarakuna, daga 999 zuwa 1063. Amma Waƙar Bagauda, wadda Hiskett ya buga a 1964 da 1965, ta nuna shi maharbi ne da ya sari daji, manoma suka biyo shi, har da yunwa ta faɗo aka riƙa tururuwa zuwa Kano neman hatsi. Masana tarihi suna jayayya a kan shekarun nan, amma ma'aunin da waƙar ta auna shi da shi a fili yake, wato rumbu. Wanda ya san abin da yunwar 1914 da farin 1973 suka yi wa wannan ƙasa ya san nauyin wannan ma'auni.

Na uku ita ce tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda Abubakar Imam ya ari sunanta ya sa wa littafinsa na 1934. An kori 'yar bora ta je ta wanko ƙirgi. A hanya ta kame bakinta daga kwaɗayi, ta yi ladabi ga duk abin al'ajabin da ta tarar, ta komo da dukiya ta fid da uwarta daga wulaƙanci. 'Yar mowa ta bi hanyar nan ɗaya, da kwaɗayi da rashin kunya, ta komo da masifa. Ashe ba tafiyar ce ke gyara mutum ba, halin da ya tafi da shi ne.

To, ina ruwan ɗalibi da ma'aikaci da wannan? Yawancinmu daga irin waɗannan ƙauyuka muka fito, kuma da harajin manomi da kuɗin gyaɗarsa aka fara gina makarantun ƙasar nan. Fita mun yi ta, jarrabawa mun ci. Saura mataki na uku, wanda shi ne mafi wuya. Wanda aka ba shi ofis ya bar takardar talaka tana kwana a teburinsa, sai ranar da ya ga dama ya duba, ba Bayajida ya gada ba, macijin ya gada.

Saboda haka ina kira ga ɗalibai su koma wajen tsofaffin garuruwansu su rubuta labaran nan, yadda Frank Edgar ya tattara ya buga tsakanin 1911 da 1913, kuma Ibrahim Yaro Yahaya ya yi a cikin Tatsuniyoyi da Wasanni. Ma'aikata kuwa, kowa ya binciki rijiyar da aka ba shi tsaro, ya ga ko jama'a na samun ɗiba.

Allah ya sa mu gama lafiya. Wassalamu alaikum.